Rumbun Bayanan Makaranta: Yadda Aka Warware Rikicin Kuɗin Zango da Maki

Makarantar sakandare ce mai zaman kanta, ta je-ka-ka-dawo. Tana da matakai 6, daga JSS1 zuwa SS3, kowane mataki da reshen A da B, wato azuzuwa 12 da ɗalibai wajen 600. Duk abin da ya shafi kuɗi yana cikin fayil guda na Excel a kwamfutar ma'aji. Kowane ɗalibi da layinsa: suna, aji, sunan uba, lambar waya, kuɗin zango, sai Biya 1, Biya 2, Biya 3, daga ƙarshe Saura. In zango ya ƙare a goge kuɗaɗen a fara sabo. In shekara ta ƙare a bi layi-layi ana mayar da JSS1 zuwa JSS2.

Muddin tambayar ba ta wuce zangon da ake ciki ba, fayil ɗin yana ba da amsa. Matsala ta fito ne da aka fara tambayarsa abin da ya wuce haka. Mai makaranta ya nemi sanin bashin da ake bin kowane gida, sai aka tarar uba ɗaya an rubuta sunansa iri uku a layukan 'ya'yansa uku, da lambobin waya biyu, ɗaya tsohuwa. Wani ya zo da rasit ɗin bara yana cewa ya biya, shafin kuwa tuni an goge shi. Wata uwa ta biya sau huɗu a zango ɗaya, babu gurbin Biya 4, ma'aji ya haɗe biyu ya rubuta a Biya 3, adadin bai dace da kowane rasit ba. Lambobin waya da yawa sun rasa sifirinsu na farko, don Excel ya ɗauke su lambobin lissafi. Gurbin Saura kuma a wasu layukan lissafi ne, a wasu an shafe lissafin an rubuta adadi da hannu, ba wanda ya san yaushe.

Duk waɗannan asalinsu ɗaya ne. Layi guda yana ɗauke da abubuwa huɗu da ba sa canzawa tare: ɗalibin kansa, wanda ba ya canzawa, gidansu, wanda yake tarayya da 'yan'uwansa a kai, zamansa a wani aji, wanda ke canzawa duk shekara, da kuɗin da aka biya, wanda zai iya zuwa sau nawa ma a zango. Tsarin da Edgar F. Codd, masani a kamfanin IBM, ya gabatar a 1970 maganin wannan yake yi: kowane irin abu da teburinsa, kowace gaskiya a rubuta ta wuri ɗaya, a haɗa teburan da lambobi. An zaɓi Microsoft Access, manhajar gina rumbun bayanai, don masu shigar da bayanai uku ne kawai kuma duk a ofis ɗaya suke. Da LibreOffice Base aka ɗauka, wanda kyauta ne, teburan ba za su bambanta ba. 

Raba layin gida-gida

Kafin a taɓa kwamfuta an zauna da ma'aji, da mai rajista, da malaman aji biyu, aka shimfiɗa takardun da suke aiki da su: fom ɗin shiga makaranta, kundin rasit, takardar maki, katin sakamako. Kowane gurbi a kan takardun aka tambaya: wannan bayanin na wane ne, kuma yaushe yake canzawa? Amsoshin ne suka ba da tebura 10: Dalibai, Waliyyai, Zango, Aji, Rajista, Farashi, Rasit, RabonRasit, Darasi da Maki. Da gangan aka rubuta sunayen ba lanƙwasa ba tazara, saboda wurin rubuta umarnin VBA, harshen da ake ba Access umarni da shi, ba ya nuna ɗ da ƙ yadda ya kamata. A kan fom, inda mutane ke karantawa, an rubuta Hausa da lanƙwasarta.

Teburin Dalibai yana da LambarDalibi, wadda Access ke bayarwa da kanta, kuma ita ce makullin teburin, wato gurbin da ke bambance kowane layi da sauran. Suna ba zai zama makulli ba. A makaranta mai ɗalibai 600 a Arewa, samun yara biyu masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya ba abin mamaki ba ne. Haɗa sunan uba da ranar haihuwa da lambar waya ma bai isa ba, don tagwaye sun yi tarayya a duka ukun. Lambar shiga makaranta ta fi kusa da cancanta, amma ita ma an bar ta a gurbinta daban, aka hana ta maimaituwa kawai. Dalili shi ne mutum ke rubuta ta, mutum kuma yana kuskure yana gyarawa, makarantu ma kan sauya salonta. Makullin da sauran tebura ke rataye a kansa bai kamata ya zama abin da wani zai so ya gyara ba.

Suna an raba shi uku: sunan ɗalibi, sunan uba, da na uku wanda za a iya bari fayau. Wannan zai yi amfani ranar rajistar WAEC da NECO, inda ake neman sunayen a rarrabe. Ranar haihuwa ba a tilasta ta ba. In aka tilasta, mai rajista zai cika 1 ga Janairu ga duk yaron da iyayensa ba su riƙe ranar ba, bayan shekara biyu kuma ba wanda zai iya bambance ta gaskiya da ta cike gurbi. An ƙara gurbin e ko a'a mai suna Kiyasi, don a san wadda aka ƙiyasta. Akwai kuma Matsayi: yana nan, ya kammala, ko ya bar makaranta. Ba a goge ɗalibi. Matsayinsa ake canzawa.

Abin lura shi ne babu gurbin aji a teburin Dalibai. Nan ne aka fi jayayya, don ga mai rajista aji kamar wani ɓangare ne na sunan yaro.

Waliyyai ya ɗauki suna, unguwa da lambar waya. Waya rubutu ce mai haruffa 11, ba lamba ba, haka ma NIN ga wanda ya kawo ta. Duk lambar da ba za a tara ta ko a ɗebe ta ba, a matsayin rubutu ake ajiye ta. Teburin Dalibai yana ɗauke da LambarWaliyyi a matsayin makullin aro, wato makullin wani tebur da aka ɗauko don a haɗa su. Gurbin Dangantaka kuwa a wajen ɗalibi aka sa shi, domin mutum ɗaya kan zama uba ga yara uku, kawu ga na huɗu, mariƙi ga na biyar.

Rajista ita ce zuciyar tsarin. Kowane layi yana cewa: wannan ɗalibi, a wannan zango, yana wannan aji, an yanka masa kaza, an yi masa rangwamen kaza. An yi ta zango-zango maimakon shekara-shekara saboda akwai masu shigowa a zango na biyu, akwai masu komawa daga A zuwa B, kuɗin ma yakan bambanta tsakanin zanguna. Ɗalibai 600 sau zango 3 layuka 1,800 ke nan a shekara, ba komai ba ne ga kwamfuta. An haɗa LambarDalibi da LambarZango aka hana su maimaituwa tare, don kada a yi wa yaro rajista sau biyu a zango ɗaya bashinsa ya ninka. Ƙarin aji ya zama ƙara sabbin layuka, ba gyaran tsofaffi ba. Wanda ya maimaita aji shi ma sabon layi ne, da ajin da ya baro.

Wanda ya fara koyon wannan ilimi zai ga kamar an karya doka a nan: ga teburin Farashi yana faɗin kuɗin kowane mataki a kowane zango, ga kuma adadin an sake kwafe shi a Rajista. Ba maimaici ba ne. Farashi yana faɗin abin da makaranta ta sa. Rajista tana faɗin abin da aka yanka wa wannan yaron a ranar da aka yi masa rajista. A ce kuɗin JSS1 naira 45,000 ne, wani ya buɗe Farashi ya mayar da shi 55,000 a layin da ba shi ba. In da bashi daga Farashi ake lissafa shi kai tsaye, nan take duk wanda ya gama biya zai wayi gari ana bin sa 10,000.

Kuɗin da ke zuwa dunƙule

Zanen farko tebur ɗaya ya ba biya: lambar rajista, rana, adadi. Ya warware matsalar Biya 4, don yanzu ko sau goma aka biya layi goma ne. Amma da aka gwada shi da kundin rasit na gaske, sai ya gaza. Iyaye ba yaro-yaro suke biya ba. Uba zai turo naira 100,000 ta taransfa sau ɗaya, ya ce a sa wa babban 45,000, na tsakiya 35,000, sauran 20,000 kuma a rage bashin ƙaramin na zangon da ya wuce. In aka rubuta layi uku a tebur ɗaya, babu inda adadin 100,000 zai fito, ranar da za a daidaita da takardar banki kuwa shi za a nema.

Shi ya sa aka raba biya gida biyu. Rasit yana ɗaukar abin da ya shigo: waliyyi, rana, jimla, hanya, lambar shaidar banki, da wanda ya karɓa. Hanya zaɓi uku ne kawai, tsabar kuɗi ko taransfa ko POS. RabonRasit kuma yana faɗin inda kuɗin ya tafi: lambar rasit, lambar rajista, adadi. Tun da rabon yana nuni ne ga Rajista ba ga ɗalibi ba, kuɗin da aka biya yau zai iya sauka daidai a kan bashin bara, tarihin kowane zango ya tsaya yadda yake.

Gurbin kuɗi duka nau'in Currency ne, wanda ke riƙe lamba huɗu bayan ɗigo ba tare da ɓata lissafi ba. Lambar shaidar banki an hana ta maimaituwa, saboda hoton taransfa ɗaya kan dawo sau biyu, wani lokaci bisa kuskure, wani lokaci ba bisa kuskure ba. Akwai ɗan tarko a nan: Access tana yarda gurbin da aka hana maimaici ya zauna fayau a layuka da yawa, abin da ake buƙata ga masu biyan tsabar kuɗi, amma sai an kashe zaɓin Allow Zero Length. In ba a kashe ba, rubutu marar harafi ko ɗaya zai iya shiga, na biyunsa kuma a ƙi shi a matsayin maimaici.

Lambar da ake bugawa a kan rasit ba ita ce lambar da Access ke bayarwa ba. Waccan tana tsallake: in ma'aji ya fara cika layi ya fasa, lambar ta ƙone ke nan, ba ta dawowa. Mai binciken kuɗi da ya ga 1041 sai 1043 zai tambayi ina 1042, kuma yana da gaskiya. An yi gurbi daban wanda ake ba lamba a lokacin buga rasit kaɗai. Rasit ɗin da aka yi kuskure a kansa ba a goge shi. Ana danna Soke, a rubuta dalili, ya fita daga lissafi amma ya zauna a tebur.

Gurbin Saura babu shi ko'ina. Kweri, wato tambayar da aka tsara ake yi wa teburan, shi ke lissafa shi duk lokacin da aka tambaya: abin da aka yanka, a cire rangwame, a cire jimlar rabon rasit ɗin da ba a soke ba.

Da aka ja layukan dangantaka tsakanin teburan, an kunna Enforce Referential Integrity a kan kowanne, don kada a iya rubuta biya ga rajistar da babu ita. Cascade Delete kuwa an bar shi a kashe ko'ina. In yana kunne, goge waliyyi ɗaya zai tafi da 'ya'yansa, da rajistarsu, da makinsu, bayan gargaɗi guda wanda mai gaggawa ba ya karantawa.

Maki bai ba da wahala sosai ba. Kowane layi: lambar rajista, lambar darasi, makin gwaji, makin jarrabawa, biyun farko kuma su ne makulli a haɗe. A wannan makaranta gwaji 30 ne jarrabawa 70, don haka aka sa dokar Between 0 And 30 da Between 0 And 70 a kan teburin kansa, ba a fom kaɗai ba, ta yadda ko ta wace ƙofa aka shigo dokar tana nan. Abu biyu aka kiyaye. Malamai kan ba da rabin maki, gurbin Integer kuwa zai mayar da 17.5 cikakkiyar lamba ba ko gargaɗi, shi ya sa aka zaɓi nau'in da ke karɓar ɗigo. Na biyu, wasu nau'o'in Access kan sa 0 da kansu a sabon gurbin lamba. An cire shi. Yaron da bai zauna jarrabawa ba gurbinsa fayau ne, wanda ya zauna ya ci sifiri 0 ne. Lissafin matsakaici yana tsallake fayau amma yana ƙirga sifiri, kuma bambancin yana iya sauya matsayin aji gaba ɗaya. In kowane ɗalibi yana ɗaukar darussa 10, layuka 18,000 ne a shekara. Iyakar fayil ɗin Access gigabait 2 ce, za a yi shekaru masu yawa ba a kusance ta ba.

Fom

Ma'aji ba ya ganin tebur ko ɗaya. Abin da yake gani fom ne mai kama da shafin kundin rasit da ya saba da shi: sama waliyyi, rana, jimla da hanya, ƙasa ƙaramin fom mai layukan rabo. LambarRasit ce ke haɗa su ta saitin Link Master Fields da Link Child Fields, Access kuma ita ke cika ta a kowane layin ƙasa.

Ba inda ake rubuta sunan mutum da hannu sai a fom ɗin shiga makaranta. Ko'ina kuma akwatin zaɓi ne. Akwatin yana ɗauke da lamba a ginshiƙin farko, wanda aka ba faɗin 0 don ya ɓuya, lambar ce ake ajiyewa, mai aiki kuma suna yake gani. Limit To List yana kunne, don kada a shigar da abin da ba ya cikin jerin. Akwatin waliyyi yana nuna suna da unguwa da waya. Da zarar an zaɓi waliyyi, akwatin da ke ƙasa yana tace kansa ya nuna rajistar 'ya'yan wannan gidan kawai, kowacce da zangonta da saurarta. Zaɓi daga layi huɗu ya fi zaɓi daga 1,800 aminci, kuma wannan tacewa ita ta kashe kuskuren sa kuɗin wani a kan takwaransa.

Rana tana cika kanta da Date(), kuma an sa ta fito da sunan wata, kamar 03-Apr-2025. Access tana bin saitin yankin da ke kan Windows, kwamfutoci da yawa kuma da saitin Amurka suke zuwa, inda wata ke gaba da rana. Wanda ya buga 03/04 yana nufin 3 ga Afrilu, kwamfutar za ta ajiye 4 ga Maris. Kuskuren yana ɓuya don in rana ta wuce 12 Access tana gane nufin mutum ta juya da kanta. Ranakun 1 zuwa 12 ne kaɗai ke lalacewa. An gyara saitin a kwamfutocin uku, amma ganin sunan watan a fili shi ne ainihin kariya, don gobe za a iya kawo kwamfuta ta huɗu.

Wanda ya zo daga Excel ya saba cewa sai ya danna ajiye abu ke zaunawa. A Access, da zarar ka bar layi ya ajiyu. Wannan yana da sakamako biyu. Na farko, ba za a iya hana babban fom ajiyuwa don rabon bai kai jimla ba, domin yana ajiyuwa tun lokacin da aka sauka ƙaramin fom, kafin a rubuta rabo ko ɗaya. Don haka binciken ya koma kan maɓallin buga rasit: in jimlar rabo ba ta yi daidai da jimlar rasit ba, bambancin zai fito da ja, rasit ba zai bugu ba. Akwai kuma rahoton yamma da ke jero duk rasit ɗin da aka bari da kuɗin da ba a raba ba. Na biyu ya fi haɗari. A gwajin farko an sa akwatin neman ɗalibi a saman fom ɗin Dalibai, aka ɗaure shi da gurbin tebur. Mai rajista ya zaɓi suna don ya nema, sai akwatin ya rubuta zaɓin a kan layin da ke buɗe. Akwatin nema dole ya zama ba a ɗaure yake da kowane gurbi ba, kuma an ba shi launi daban don a bambance shi da wurin cikawa.

Neman suna ya fito da wata matsala da duk mai gina rumbu a ƙasar Hausa zai gamu da ita. Umarnin nema yakan kewaye suna da waƙafin sama, sunaye irin su Sa'adatu, Isma'il, Mu'azu da Rabi'u kuwa suna da nasu waƙafin a ciki. Access tana ɗaukar na cikin sunan a matsayin ƙarshen rubutu, umarnin ya karye. Ana iya ninka waƙafin da umarnin Replace kafin a aika, amma hanya mafi tsabta ita ce nema da lamba, wanda akwatin zaɓi ya riga ya tanadar. Ga kuma sunan da ake rubutawa iri-iri: Muhammad, Mohammed, Muh'd, A'isha, Aisha, Aishatu, da masu lanƙwasa da marasa ita, waɗanda kwamfuta ke ɗauka haruffa daban. Wannan ba manhaja ke warware shi ba. Makaranta ta kafa doka cewa yadda aka rubuta suna a takardar haihuwa haka za a shigar, fom ɗin shiga kuma kafin ya ajiye sabon ɗalibi yana nuna duk waɗanda haruffa uku na farkon sunansu da na sunan ubansu suka yi daidai da nasa, ya tambaya ko ɗaya daga cikinsu ne.

Fom ɗin maki salonsa daban. Malami ba zai zaɓi ɗalibi 50 ɗaya bayan ɗaya ba. Yana zaɓar zango, aji da darasi, kwerin ƙari ya ƙirƙiri layuka fayau ga duk 'yan ajin da ba su da su, sunaye su jeru yadda suke a takardar malamin. Gurbin suna a kulle yake kuma maɓallin Tab yana tsallake shi, daga gwaji zuwa jarrabawa zuwa yaro na gaba, hannu ba ya barin allon rubutu.

Kwerin da ya yi ƙarya sau biyu

Jerin masu bashi na farko ya fito gajere, har mai makaranta ya ji daɗi. Ma'aji ne ya lura cewa gidajen da ya fi sanin ba su biya ba babu su a ciki. Kwerin ya haɗa Rajista da RabonRasit da haɗin da Access ke sawa da kanta, wanda ke nuna layukan da ke da abokin haɗi a ɓangarorin biyu kawai. Wanda bai biya ko kobo ba ba shi da layi a RabonRasit, sai ya ɓace. Gyaran shi ne a canza haɗin zuwa wanda ke ɗauko duk layukan Rajista, sannan a lulluɓe jimlar da Nz don fayau ya koma 0, in ba haka ba 45,000 a cire fayau fayau yake bayarwa.

Na biyun a katin sakamako ya fito, da aka so a buga saura a ƙasan katin. An jefa Maki da RabonRasit cikin kweri ɗaya. Yaron da ya biya sau biyu, 25,000 da 20,000, kuma yake da darussa 10, ya samu layuka 20, kowane biya ya maimaitu sau goma, katin ya ce an biya masa 450,000. Tebura biyu da kowanne ke da layuka da yawa a kan rajista ɗaya ba a tara su tare. Kowanne a tara shi a kwerinsa, sannan a haɗa sakamakon.

Kwashe tsohon fayil

Wannan ya fi zanen teburan cin lokaci. An shigo da shafin Excel yadda yake cikin teburin wucin gadi wanda duk gurabensa rubutu ne, don kada Access ta watsar da layin da aka rubuta "45k" ko "ya gama" a gurbin kuɗi. Daga nan aka mayar wa wayoyi masu lamba 10 sifirinsu, aka fitar da waliyyai ta lambar waya aka ba mai rajista ya tantance su da ido, don lamba ɗaya kan yi wa gidaje biyu aiki. Biya 1 zuwa Biya 3 sun zama layuka uku da kwerin ƙari uku. Tsohon bashin da ba a san zangonsa ba an buɗe masa zango na musamman mai suna bashin baya, maimakon a ƙirƙira masa tarihi. Ba a fara aiki da sabon tsarin ba sai da jimlar kuɗin zangon ta dace a wuri uku: kundin rasit, takardar banki da rumbun.

Tun da mutum uku ke aiki lokaci ɗaya, an raba fayil ɗin biyu. Teburan suna kwamfutar ma'aji, kowace kwamfuta kuma da nata kwafin fom da rahoto. An haɗa su da wayar sadarwa, ba Wi-Fi ba, domin yankewar haɗi ko ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu ita ce babbar hanyar lalacewar fayil ɗin Access. Kwamfutar da ke riƙe teburan tana kan UPS. Kullum kafin a tashi ana kwafe fayil ɗin teburan da kwanan wata a sunansa, bayan kowa ya rufe, kwafi ɗaya a mako yana barin harabar makaranta. Compact and Repair, wanda ke matse fayil ɗin ya gyara shi, sau ɗaya a wata, bayan an yi kwafi.

Tsaro nan ne Access ta fi rauni. Fayil mai ƙarshen accdb, wato fayil ɗin Access, ana iya rufe shi da kalmar sirri, amma ba shi da izini na mutum-mutum irin na manyan rumbuna. Abin da aka yi shi ne malamai suka samu kwafin fom da babu na kuɗi a ciki. Wannan yana hana kuskure, ba zai hana wanda ya san Access kuma ya yi niyya ba. Bayanan yara ne da wayoyin iyayensu, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafi makarantu kamar yadda ta shafi kowa, don haka kwafin da ke fita waje ma a kulle yake.

Abu biyu aka bari da sani. Yaron da aka mayar daga A zuwa B a tsakiyar zango, ajinsa na ƙarshe kaɗai Rajista ke riƙewa. Babu kuma teburin da ke faɗin wane malami ke koyar da wane darasi a wane aji, don haka kowane malami yana iya buɗe makin kowane aji. Na biyun tebur ɗaya ne mai gurabe huɗu, malami da darasi da aji da zango, kuma ana iya ƙara shi ba tare da an taɓa sauran goman ba. In makarantar ta buɗe reshe a wata unguwa, ko ta so iyaye su duba sakamako ta waya, teburan za su koma SQL Server ko PostgreSQL, manyan manhajojin rumbun bayanai, yadda suke. Fom ɗin ofis za su iya ci gaba da aiki a kansu ta ODBC, hanyar da Access ke haɗuwa da wasu rumbuna. Shafin iyaye ne za a gina daga farko.